Kile a shok ƙarami mai batir: zai iya da tayar Corolla kuwa?

Baban_Hanifa
Assalamu alaikum ƴan uwa. Shawara nake nema wajen masu sana'a da duk wanda ya taɓa sayen abin nan. Corolla gare ni, kuma aikina yana yawan kai ni ƙauyuka ta wajen Dakoro da Mayahi, inda taya kan yi faci ba kowa kusa. Canjin taya da na birki ni nake yi da kaina a gida. Ina son in sayi kile a shok mai batir, injin nan da ke kwance noti da bugu, ƙarami wanda ba zai cika wuri ba. Jika 70 na ware. A babbar kasuwa an nuna min wani cikin akwatinsa da batir biyu da caja, an rubuta 88V da 1000 Nm (Nm shi ne awon ƙarfin murɗa noti), kuɗinsa bai kai abin da na ware ba. An kuma nuna min hoton wani na Makita, 18V, 330 Nm kawai, ga tsada, kuma ba batir a ciki. To wanne ne zai kwance min taya a daji? Ƙaramin nan ba zai ba ni kunya ba?

Sabo_Mokoyo
Wa alaikumus salam. Mai 88V ɗin nan ka bar shi inda ka gan shi, Malam. Araha ba ta ado.

Dan_Burja
Ni kuwa irinsa ne a hannuna kuma yana min aiki. Babur da motar gida duk yana kwancewa. Ba kowa ke da kuɗin Makita ba, a riƙa duba aljihun mutane in za a ba da shawara.

Mai_Sola_Zariya
Dan_Burja, ba a ce ba ya aiki ba, lambar da ke jikinsa ce ba gaskiya ba. Gyaran batir sana'ata ce, ina buɗe su kullum. A cikin batirin injunan nan ƙananan ƙwayoyin lithium ne, kowace ɗaya 3.6V. An jera biyar, sun ba da 18V. Idan sun cika da caji kowace takan kai 4V ko ta ɗan haura, shi ya sa wasu kamfanoni ke rubuta 20V. DeWalt ma injin ɗaya ne take sayarwa da sunan 20V a Amurka, 18V a Turai. Kafin a samu 88V na gaske sai an jera ƙwaya 24 ko fiye, kuma batirin da ke cikin akwatin nan ko goma da ƙyar zai ɗauka. Ka juya cajarsa ka karanta abin da take fitarwa, 21V za ka gani. Wanda ya ƙara gishiri a lambar volt, me zai hana shi ƙarawa a lambar Nm?

Abin da ya kamata a duba a batir shi ne Ah, wato yawan cajin da yake riƙewa. Mai 2Ah ƙwaya biyar ce, mai 4Ah ko 5Ah yawanci goma ce. Kowace ƙwaya ta kirki wajen giram 45 take. Saboda haka ka ɗauki batirin a tafin hannu. In an rubuta 5Ah amma ka ji shi sakayau, ka san ba abin da aka rubuta ne a ciki ba.

Dan_Burja
Na duba cajar tawa yanzu. 21V ne kuwa. Amma dai har yanzu yana kwance min noti.

Makanike_Bagalam
Baban_Hanifa, ƙanena, bari in ba ka abin da na sani daga gareji. Injin kirki lamba biyu gare shi: ƙarfin ɗaurewa da ƙarfin kwancewa. Wanda aka nuna maka, in DTW300 ne, 330 na ɗaurewa ne, na kwancewa ya kai 580. DeWalt tana da ƙarami irinsa, DCF921, mai 406 da 610. Notin tayar Corolla kuwa, kamfanin da ya ƙera motar 103 Nm ya ce a ɗaure shi. Ka ga kenan a takarda ƙaramin ya isa har ya yi rara.

Matsalar ba a takarda take ba, a garin nan take. Ka tsaya a kowace tasha ka kalli yadda ake mayar da taya. Yaro zai zura bututun ƙarfe mai tsawon mita ɗaya a kile, ya hau kansa da ƙafa biyu, har ya yi tsalle. Mutum mai kilo 70 a bakin bututun mita ɗaya ya ba notin kusan 700 Nm tun kafin tsallen. Sai ƙura da ruwan damina su shiga, tsatsa ta kama. Irin wannan notin ƙaramin injin zai yi ta bugu har ya yi zafi bai motsa ba, mai shi ya ce an cuce shi. Ba injin ne da laifi ba, ɗaurin ne ya wuce ƙa'ida.

MaiFaci_Tasha
Baba Makanike, da girmanka amma kar a ɗora mana duka. Wallahi masu motocin ne da kansu ke tsayawa a kanmu suna cewa ƙara, ƙara. In ka ɗaure daidai ka miƙe, sai direba ya karɓi kile ya gwada, in ya ga ya ɗan motsa ya ce ba ka iya aiki ba, gobe ya tafi wajen wani. Kuma mutumin da zai bi hanyar laterit mai gargada da kaya da fasinja, tsoron ficewar taya yake yi. Ba ka ga laifinsa ba.

Direban_Hiace
Gaskiya ne wannan. Ni ma ina cikin masu cewa a ƙara. Na taɓa ganin taya ta bar mota tsakanin Cadawa da Agye, ba abin da mutum zai so ya sake gani ba ne.

Malamin_Fasaha
Allah ya kiyaye gaba. Amma Direban_Hiace, ɗaurin da ya wuce kima yana cikin abubuwan da ke fitar da taya. Bulon ƙarfe ne mai ɗan miƙewa. In aka ɗaure shi daidai yakan miƙe kaɗan ya riƙe tayar da wannan jan. In aka wuce iyakarsa sai ya miƙe bai dawo ba, zarensa ya lalace, ya rage riƙo, wata rana ya tsinke a kan gargada. Ɗaya ya tsinke, nauyi ya koma kan sauran, su ma su bi. Sauran dalilan su ne yashi ko tsatsa da aka bari tsakanin ƙarfen taya da mazauninsa, da ɗaure noti ɗaya tam kafin a kama sauran, wanda ke sa tayar ta zauna a karkace.

Yadda muke koya wa ɗalibai: a goge mazaunin, a fara kowane noti da yatsu har ya kama zare, a ɗaure su a gicciye, wannan sannan na gabansa, ba bi da bi a zagaye ba. A sauke mota, a ƙarasa da kile mai awon ƙarfi, wanda ke yin ƙas in ya kai lambar da aka sa masa. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 a sake dubawa. Kuma kar a shafa wa bulon man inji ko giris, domin lambar 103 ɗin nan ta busasshen zare ce, da mai a jiki ƙarfin da ke hawa bulon ya fi haka. Ni a ganina duk wanda zai sayi kile a shok bai sayi mai awon ba, ya sayi abin da zai lalata masa bulon da sauri fiye da bututun.

Sabo_Mokoyo
Malam ya gama magana.

Direban_Hiace
Bai gama ba. A aji haka ne. A tasha wa ke da kile mai awo? Ku nuna min mai faci ɗaya da ke da shi daga nan har Dan Isa.

MaiFaci_Tasha
In direbobi za su yarda da shi ni zan saya. Ba na son in sa kuɗi in kawo abu a riƙa yi min gardama a kansa.

Maman_Iman
Sannunku da ƙoƙari. Ku ba ni dama in shigo da tawa tambayar, don ta yi kama da ta Baban_Hanifa. Ina zuwa aiki Madarumfa da motata ni kaɗai. Na iya sa kirik, na iya canja taya, notin ne kawai ke gagara ta. Abin nan yana da nauyi? Mace za ta iya riƙe shi, ko yana fizgar hannu? Kuma zan iya barinsa a bayan mota kullum?

Makanike_Bagalam
Hajiya, za ki iya sarai. Ƙaramin da batirinsa bai kai kilo biyu ba, manyan ne ke haura kilo uku. Kuma ba ya murɗe hannu yadda injin huda ƙarfe ke yi in ya cije, domin a cikinsa akwai guduma da ke juyawa tana dukan maƙera, ƙarfin yana tafiya cikin notin ne a bugu a bugu. Abin da za ki ji shi ne ƙara da girgiza. Ki dai tabbata motar ta zauna da kyau a kan kirik, ki sa dutse a tayar da ke ƙasa.

Mai_Sola_Zariya
Maganar bari a mota ita ce ban yarda da ita ba, Hajiya. Zafin Maradi a watan Afrilu da Mayu yana haura digiri 40 a inuwa, cikin motar da aka rufe a rana kuwa ya wuce haka nesa. Lithium ba ya son wannan, yana tsufa da wuri, mara kyau ma yakan kumbura. Injin ya kwana a mota ba komai, batirin ki riƙa cire shi ki shiga da shi ofis ko ɗaki. Kar a sa shi caji yana da zafi, a bar shi ya huce. Cajar kirki ma da kanta take ƙin cajin batir mai zafi, mutane su ɗauka ta lalace. In za a daɗe ba a yi aiki da shi ba, a ajiye shi da rabin caji, ba fanko ba.

Kaka_Dan_Gulbi
Ƴata, ki saurari tsoho. Ki sayi kile mai dogon hannu, irin wanda ake zarowa ya ƙara tsawo, ki jefa ƙarƙashin kujera. Ba ya neman caji, zafi ba ya dame shi, in an ɗauke wuta kwana da kwanaki bai san an yi ba. Ko kin sayi injin, wannan ya zauna a motar. Ranar da batir zai mutu ba ya sallama.

Maman_Iman
Na gode Baba, na gode Malam. Dogon kilen zan fara saye.

Yaro_Mai_Kabukabu
Ni akwai wani a wajen abokina zai sayar da arha, ƙarami ne sosai, bakinsa rami ne mai kusurwa shida da ake cusa kan sukurdireba. Ya ce shi ma yana bugu. Baban_Hanifa in kana so in haɗa ku.

Makanike_Bagalam
A'a ɗana, wannan na kafintoci ne da masu rufin kwano, na ɗaura sukuru. Bugu yana yi, amma bakinsa kwata na inci ne. In ka sa masa mahaɗi don ya ɗauki duyi, wato ƙoƙon ƙarfen da ke kama kan noti, mahaɗin ne zai karye a notin taya. Na mota bakinsa dunƙulen ƙarfe ne mai kusurwa huɗu, rabin inci. Akwai mai 3/8 na lungunan inji, amma mai sayen guda ɗaya rabin inci zai nema.

Tunda an zo nan, duyi ma ba kowanne ba. Masu ƙyalli na kilen hannu ne, bugu yana tsaga su, ɓarɓashin ya iya samun ido. Baƙaƙen nan masu kauri su ne na injin. Toyota lamba 21 ce, motocin Turai yawanci 17 ko 19. Guda ukun nan sun ishi mai motar gida.

Alhaji_Kamiyo
To mu masu manyan motoci fa? Zai yi mana?

Makanike_Bagalam
Ranka ya daɗe, ko kusa. Notinku lamba 32 ko 33 ne, ɗaurinsa wajen 600 Nm. Naku mai bakin inci ɗaya ne, ko na iska da kwamfireso.

DanKasuwa_Transit
Bari in yi magana ta gefen kasuwa, don ni nake ɗauko irin kayan nan daga Kano, Sabon Gari da Kofar Ruwa. Kar kowa ya riƙe farashin da aka gaya masa watan jiya, canjin naira da sefa ne ke juya shi. Tun rufe iyakar Nijar da Najeriya da aka yi a 2023, wadda ba a buɗe ba sai Maris na 2024, da yawa daga cikinmu muka rage ajiye kaya masu tsada, sai an yi oda. Na Turai kuwa lissafinsa a fili yake: euro ɗaya sefa 656, abin euro 100 ya zama jika 65 da ɗoriya kafin kuɗin kawowa da na duwan. To Baban_Hanifa, Makita na asali da batir da caja ba zai shiga jika 70 ba, kar wani ya ruɗe ka. In ka ga mai launinsa da sunansa a wannan kuɗin, jabu ne, kuma jabun ya fi na asalin yawa.

Tsakanin jabu da mai tsada akwai Ingco da Total. Ƴan Sin ne, ba su ɓoye ba, sunansu suke sawa, kuma ana samun batirinsu da cajarsu daban in naka ya mutu. Wannan shi ne abin dubawa. Injin yakan daɗe, batir ne ke fara tafiya, kuma mai akwatin 88V in batirinsa ya mutu sai ka yi ta yawo kana gwada wanda zai shiga.

Sabo_Mokoyo
Total ɗin masu gidan mai?

DanKasuwa_Transit
A'a, suna ne ya zo ɗaya. Wannan kamfanin kayan aiki ne.

Abu_Sudais
Ni yayana yana Amurka, ya ce zai sa min Milwaukee na hannu cikin motar da zai turo. Ina ganin wannan ita ce hanya mafi sauƙi ga wanda ke da ɗan uwa a waje.

Mai_Sola_Zariya
Abu_Sudais, injin mai kyau ne, amma ka karanta bayan cajar kafin ka cusa ta a bango. Wutar Amurka 120V ce, tamu 220V. Cajojin kayan aikin da ake sayarwa can yawanci 120V kaɗai suke ɗauka, ba kamar cajar waya ba. An sha kawo min su a ƙone tun ranar farko. Ko dai ka nemi taransifoma mai sauke wuta, ko ka nemi caja mai 220V ta kamfanin. Kuma ku duka, in da hali ku zaɓi wanda aka rubuta wa Brushless a jiki. Ba shi da gawayin nan da ke cinyewa, ba ya zafi da wuri, caji ya fi daɗewa, ya kuma fi jure ƙurar hunturu.

Kaka_Dan_Gulbi
Abin da ke damuna da injunan nan shi ne yaran gareji. Yaro bai san nauyin noti a hannunsa ba an ba shi inji. Jiya jiya na ga wani zai ɗaure notin juyen mai da shi.

Makanike_Bagalam
Wannan gaskiya ne Yaya. A wajena yaro ba ya taɓa shi sai ya iya da hannu. Buji, notin juyen mai, duk wani bulon da ke shiga cikin alminiyam, da notin sata mai makulli na musamman, ba a kai musu inji. Kuma ba a fara noti da shi, in ya hau zare a karkace kafin ka ankara ya cinye.

Admin_Hamza
Jama'a a dawo kan tambayar mai tambaya. Ƙarami ya isa ko bai isa ba?

Direban_Hiace
Ni dai na ce bai isa ba. Mutum ya ce daji yake shiga. A daji ba ka san wanda ya taɓa tayarka na ƙarshe ba. Ya tara kuɗi ya sayi matsakaici, irin DTW700 na Makita mai 700 na ɗaurewa da 1000 na kwancewa, ko makamancinsa a kamfani mai sauƙi. Gobe zai so ya taɓa ƙafar mota, notin aksil na Corolla lamba 30 ne, ɗaurinsa ya haura 200, kuma shekaru yake yi ba a kwance shi ba. Ƙaramin zai tsaya a nan. Gara ƙarfi ya yi saura.

Malamin_Fasaha
216 ne na aksil ɗin, kuma na yarda zai iya gagarar ƙarami in ya yi tsatsa. Amma sau nawa mai motar gida ke kwance aksil? Taya da birki ya ce. A wajen birki ma ƙaramin ya fi shiga bayan taya, inda dogon inji ba ya samun wuri. Kuma mai ƙarfin 700 a hannun wanda ba shi da kile mai awo, cikin daƙiƙa biyu zai wuce 103 sau uku. Da jika 70 ni zan raba kuɗin: ƙarami mai suna da batir 4Ah, baƙin duyi 21, da kile mai awo na rabin inci, irin mai 40 zuwa 210. In kuɗin bai kai duka ba, mai awon da dogon kile su fara zuwa, injin ya jira.

Dan_Burja
Ko kuma ya sayi irin nawa ya rage canji. Na ji duk bayanin volt, amma aikin gida ba aikin gareji ba ne.

Baban_Hanifa
Allah ya saka wa kowa da alheri, na ƙaru ƙwarai. Zuciyata ta fi karkata ga rabon da Malamin_Fasaha ya yi, sai dai maganar Direban_Hiace ta tsaya min, domin tayoyina huɗu duk masu faci ne suka ɗaure su. DanKasuwa_Transit, zan yi maka magana ta gefe in ji me ke hannu yanzu. Baba Makanike, in na samu zan iya kawowa ka duba kafin in biya?

Makanike_Bagalam
Ka kawo, ƙanena, bayan la'asar ina nan. Ka zo da motar, kuma ka yi sharaɗi da mai kaya cewa sai an gwada. Za mu sa shi a notin da bututu ya ɗaure, ba wanda aka sassauta ba, da batir cike, sannan mu sake gwadawa in cajin ya ragu, don wasu a nan suke faɗuwa. Ko wanne ka saya, ranar za mu kwance notin tayoyin duka mu mayar da su 103, mu canja bulon da zarensa ya ja. Ka duba iskar tayar ajiya ma kafin ka taho.

Direban_Hiace
Ku sa mana bidiyon gwajin a nan. In ƙaramin ya kwance na bututu ina son in gani da idona, don ni ma ina neman na Hiace.

MaiFaci_Tasha
Baba, ni ma zan leƙo in ga yadda ake saita mai awon nan. Nawa ake sayar da shi, DanKasuwa?